Ban-ruwan ɗigo a lambun bayan gida: abin da na gani bayan bazara biyu

Lambuna bai kai a kira shi gona ba. Fili ne a bayan gidanmu da ke wajen Panshekara, tsawonsa mita 12, faɗinsa mita 10, wanda na ƙi yarda a yanka shi shaguna duk da yawan maganar 'yan uwa. Na fi shekara goma ina shuka kayan miya a cikinsa. Da damina Allah ne mai ban-ruwa, da hunturu kuma ƙasa tana riƙe laima, ko sau ɗaya ka ba ta a rana ta gode. Bazara ce take karya ni. Daga tsakiyar Maris har saukar ruwan farko, fangalin da ka cika da asuba kafin azahar ya yi fari fat, ganyen attarugu ya langaɓe kamar an zuba masa ruwan zafi.

A da, idan akwai wuta mukan ja tiyo daga tankin gida mu malala wa fangali ruwa. Idan babu, sai buta mai lita 10, ni da yara maza biyu. Da na zauna na yi lissafi, a tsakiyar bazara muna zuba wa wannan ɗan fili abin da ya kai lita 900 a rana. Sai yaran suka tafi makaranta, bayana kuma ya fara ciwo. Ana cikin haka aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, zuwa Yuli ta wuce 600. Rijiyar burtsatsenmu da janareto take aiki mafi yawan lokaci. Wata rana maman yara ta ce da ni, "Malam, alayyahun 'Yan Kaba fa ya fi namu araha yanzu." Gaskiya ta faɗa. Na yi shiru don ba ni da amsa, amma raina bai yarda in bar lambun ba.

A watan Oktoba na shekarar na sayi kayan ban-ruwa na ɗigo, wanda masu shago suke kira dirif, a wani shagon kayan noma da ke Sabon Gari. Abin da aka ba ni: babban baƙin tiyo guda ɗaya da zai kwanta a kan lambu, naɗin siririn tiyo mai faɗin milimita 16 wanda yake da ido, wato 'yar kafar da ruwa yake ɗigowa ta ciki, a kowane santimita 30, filta guda ta tace ruwa, makunni, da mahaɗai da ake soka ƙananan tiyon a jikin babban da su. Tanki ba ya ciki, daban na sayi mai lita 500. Kuɗin kayan, ban da tanki da ginin da aka ɗora shi, ya kusa kuɗin buhun takin zamani biyu a lokacin. Mai shagon ya ce, "Alhaji, daga yau ka huta. Ka buɗe ka tafi masallaci, ka dawo ka rufe, shi ke nan." Rabin maganarsa gaskiya ce. Ɗaya rabin shi ya sa nake wannan rubutun.

Abin da zan fara yaba wa shagon shi ne yaron da suka turo ya haɗa mini. Matashi ne da bai wuce shekara ashirin da biyar ba, amma ya san aikinsa. Ni na so a ɗora tankin a kan wani tsohon teburin katako, ya ce, "Baba, lita 500 rabin tan ne fa. Ranar da katakon nan ya jiƙe zai zauna, kuma yara suna wasa a nan." Sai da na kira magini ya tayar da bulo zuwa mita ɗaya da rabi kafin ya dawo. Ya bayyana mini cewa wannan tsayin shi ne injin gaba ɗaya: nauyin ruwan ne yake tura kansa cikin tiyo, babu famfo babu wuta. Ya ja layi goma, kowanne mita 10, ya juya idanun suna kallon sama don kada laka ta kwanta a kansu, ya lanƙwashe ƙarshen kowane layi ya ɗaure. Aikin bai kai awa uku ba. Da na ba shi na mota sai da na matsa masa ya karɓa.

Mahaifiyata tana zaune a kan tabarma a inuwar zogale lokacin da aka buɗe makunnin karon farko. Ita 'yar Kura ce, kuma marigayi mahaifinmu da jigo ya yi lambu a bakin rafi tun kafin a kammala madatsar Tiga a 1974 ruwa ya fara bin kwalbati zuwa gonakin Kadawa da Kura. A wurinta ban-ruwa shi ne ka ga ruwa yana gudu, ya cika fangali, ka toshe da fartanya ka buɗe wa na gaba. Ta daɗe tana kallon ɗigon nan yana fitowa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Wannan ai ƙarin ruwan asibiti ne. Shuka mai lafiya za ta ƙoshi da wannan kuwa?" Na ce, "Inna, mu ba shi wata ɗaya." A zuciyata ni ma tambayar da nake yi ke nan.

Don haka ban yarda da takardar da ke jikin naɗin ba, na gwada da kaina. Na samo gwangwanin madara guda uku, na tona ƙasa na sa ɗaya a ƙarƙashin idon farko na layi, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙarshe, na riƙe agogo. Na farko ya cika a minti 10, na ƙarshe a minti 13. Wato kowane ido yana ba da kusan lita ɗaya a awa, kuma bambancin kai da wutsiya bai taka kara ya karya ba. Ido 33 ne a layi, layi goma, ya kama 330. Idan na buɗe minti 45 da safe, 45 da yamma, tankin ya ƙare. Lita 500 ke nan a ranar da ta fi kowace zafi, maimakon 900. Da hunturu sau ɗaya nake buɗewa, tanki yana kai ni kwana biyu.

Abin da ya kwantar mini da hankali kuwa ba lissafin ba ne. Bayan mako guda na ɗauki shebur na yanka ƙasa a gefen wani gindin tattasai. A sama, jiƙon bai fi faɗin faranti ba, kewaye da shi ƙasa a bushe ƙamas. Amma a ciki laimar ta buɗe ta yi ƙasa, ta wuce tsawon kamu biyu, kuma fararen saiwoyi sun cika wurin kamar gashi. A ɓangaren lambun da yake da jigawa jiƙon ya tafi a tsaye, siriri kamar karas. A ɓangaren da na shekara ina zuba takin gargajiya ya yi faɗi kamar albasa. Na kira Inna ta zo ta gani. Ta sa hannu ta damƙi ƙasar, ta dunƙule a tafinta, ta ce, "To, ashe a ciki yake aikinsa." Tun daga ranar ba ta sake cewa komai ba, sai dai takan tura jika ya tsinko mata na'a-na'a.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A Isra'ila aka fara ƙera irin wannan tiyo don sayarwa, a kamfanin Netafim da aka kafa a 1965. Wanda ya fi kusa da mu shi ne aikin cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, inda aka daɗe ana gwada irin wannan tsari mai aiki da tsayin tanki kawai a ƙananan lambuna na mutanen karkara. Ƙasarsu ta fi tamu yashi, ranarsu ta fi tamu zafi. Sanin haka yana cikin abin da ya ba ni ƙarfin gwiwar saye.

Azumin 2024 ya faɗo daga Maris zuwa farkon Afrilu, kuma duk wanda yake Kano ya san irin zafin da aka sha. A shekarun baya, a irin wannan lokaci nakan sallama rabin lambun, don mai azumi ba zai iya jigilar buta casa'in ba. A wannan shekarar bayan sallar asuba nake buɗewa, in zauna in yi karatuna, in rufe. Bayan la'asar haka. Attarugu bai zubar da ganye ba, tattasai ya ci gaba da 'ya'ya har Mayu. Kuɓewar da na shuka a ƙarshen Fabrairu ta fara ba mu kafin ƙaramar salla, lokacin da ɗanyar kuɓewa take wahalar samu a unguwa. Yalo da gauta sun yi yadda ban taɓa gani ba a filin nan. Gwanda huɗu da ke bakin katanga na zagaya wa kowace da guntun tiyo mai ido huɗu, ba su zubar da fure ba kamar yadda suka saba. Ɗoɗɗoya da tsaure ba su da fitina, duk inda ɗigo ya same su sun kama. Na'a-na'a kuwa sai da na mayar da ita ƙarƙashin gwanda, don ruwa kaɗai bai ishe ta ba, tana son inuwa. Da ita muka yi ta haɗa zoɓo da shayin buɗe-baki har aka sauke azumi.

Wani amfani da ban zata ba shi ne ciyawa. Tunda tsakanin layuka a bushe yake, ba ta samun abin tsirowa. Cirar da nake yi duk mako ta koma sau ɗaya a wata. Ganye ma ba ya jiƙewa, don haka baƙin tabon da yake kama tumatir idan ana watsa masa ruwa ta sama ya ragu sosai.

Yanzu ga inda maganar mai shago ta gaza.

Na farko, ba kowace shuka ce take son sa ba. Duk abin da ake watsa irinsa, kamar alayyahu, lansir, karas da salak, bai yi mini kyau a kan wannan tiyon ba. Irin da ya faɗa kusa da ido ya tsiro, wanda ya faɗa tsakanin ido da ido ya zauna a busasshiyar ƙasa. Fangalin alayyahuna na farko ya fito tsibi-tsibi kamar kan da aka yi wa mugun aski. Wanda yake son ganye sai ya nemi tiyo mai ido kusa da kusa, ko ya jera layi biyu a kunya ɗaya. Ni dai na ware fangali biyu na mayar da su ga buta, kuma ko a kan layin, duk sabon iri ko sabon dashe sai na ba shi ruwa da hannu na kwana biyar zuwa bakwai kafin saiwarsa ta kai ga laimar.

Na biyu, kuma shi ne babba: toshewa. Rijiyarmu tana kawo ɗan yashi, wanda ido ba ya gani a kofi amma filta tana gani. Filtar nan wani ɗan bututu ne mai raga a ciki, tsawonsa bai fi tafin hannu ba, kuma rayuwar kayan gaba ɗaya a kansa take. Babu wanda ya gaya mini sau nawa ake wanke ta. A watan Afrilu aka yi mana rasuwa a Kura, na yi kwana uku a can. Na bar wa ƙaramin ɗana buɗewa da rufewa, kuma ya yi yadda na ce, bai saɓa ba ko sau ɗaya. Da na dawo na tarar da tanki kusan a cike, kokwamba ta kwanta a layi biyu na ƙarshe, ganyenta ya yi laushi kamar tsumma. Na kwance filtar, ragar ta toshe da jan yashi da wani kore-kore mai santsi. Yaron ya tsaya yana kallona idonsa ya ciko, ya ce, "Baba, wallahi na buɗe." Na ce na sani, ba laifinka ba ne. Rabin kokwambar ba ta tashi ba. Tun daga nan duk kwana biyu nake wanke ragar da tsohon buroshin haƙori, kuma duk Juma'a nake kwance ƙarshen layukan in bar ruwa ya gudu har ya fito garau. Aikin minti goma ne. Da an faɗa mini a shago, da ban yi wannan asarar ba.

Akwai kuma kuskuren taki. Na saba jiƙa kashin kaji a durom in tace in ba shuka. Na tambaya a shagon ko zan iya zuba wannan ruwan a tanki, wanda na samu a ranar ya ce babu komai, filta za ta tace. Ba ta tace ba. Cikin mako biyu gansakuka ta yaɗu a cikin tiyon, idanu da yawa suka daina zuba. Da na koma sai aka ce in tsokane su da allura. Kada kowa ya yi wannan. Na yanka ido ɗaya da reza don in ga cikinsa: wata 'yar hanya ce mai lanƙwasa-lanƙwasa kamar haƙoran zarto, ita take rage wa ruwan gudu har ya fito ɗigo. Allura ba ta kai wa can, huda tiyon kawai take yi, sai wurin ya koma tsartuwa, na gaba da shi su rasa ruwa. Layi uku na canza saboda wannan shawarar. Yanzu takin gargajiya a cikin ƙasa nake haɗa shi kafin dashe. A tanki kuwa babu abin da nake sawa sai yuriya kaɗan, ita ma bayan na narkar da ita sarai a bokiti. NPK na buhu yana barin gari a ƙasa, ban yarda da shi a ciki ba. Tankin kuma kullum a rufe, don hasken rana ne yake raya gansakuka.

Ɓeraye ma sun sha mini kai. Da bazara su ma ƙishi suke ji, kuma tiyon siriri ne, haƙori ɗaya ya isa. Da safe sai ka ga wani wuri ya yi taɓo, ƙarshen layin kuma a bushe. Abin da ya rage mini wannan shi ne ajiye kasko biyu da ruwa a kusurwar lambu, da kuma kyanwar maƙwabta da na daina kora. Na rufe layukan da ƙaiƙayin shinkafa, wanda ya taimaka ta wani ɓangaren ma: baƙin tiyo idan ya sha rana, ruwan farko da yake fitowa da la'asar yana da zafin da za ka ji a bayan hannunka. Sai dai ƙaiƙayi da busasshiyar ciyawa suna gayyato gara, dole ka riƙa ɗagawa kana dubawa, kana barbaɗa toka.

A nan ne shagon ya fi ba ni haushi. Mahaɗin da ake gyara wurin da ɓera ya ci ɗan ƙaramin abu ne na roba, amma sau uku ina zuwa ana cewa ya ƙare, sai dai in sayi sabon naɗi. Ragar filta ma ba sa sayar da ita ita kaɗai. Wanda ya sayar maka da kayan da aka san suna hujewa, ya kamata ya ajiye abin ɗinke su. A ƙarshe wani mai gyaran famfo ne ya nuna mini yadda zan yanka guntun tiyon lambu in soka a tsakani in ɗaure da robar tayar keke. Yana riƙewa, ko da yake yana ɗan zuba.

Sai tumatir, wanda a kansa na fi sa rai. Na hunturu, irin UC82B da na dasa a Nuwamba, ya yi kyau ƙwarai, har muka yanka muka shanya. Ganin haka na yi reno na biyu a Janairu da nufin in samu tumatir a Mayu da Yuni, lokacin da yake tsada. Ganye ya yi kore shar, ya yi fure, furen ya bushe ya zube. Ba ƙishi ba ne. Idan zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma bai yi sanyi ba, garin furen tumatir ba ya kamawa, kuma a Kano watan Afrilu yana kai 40. Ɗan abin da ya ƙulla kuma sharon ta same shi, tsutsar nan mai shiga tsakanin fatar ganye ta cinye cikinsa ta bar shi kamar leda, wadda ta gama da gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa a 2016. Na tsinke ganyen da ta kama na binne, na fesa jiƙon 'ya'yan darbejiya da yamma, ya ɗan lafa amma bai tsaya ba. Da babbar sallar 2024 ta zo, lokacin da tumatir ya gagari mutane a kasuwa, busasshen na hunturu ne ya rufa mana asiri. Tiyo yana maganin ƙishi, ba ya maganin zafi, ba ya maganin ƙwari. A bazara ta biyu ban sake gwadawa ba, na ba kuɓewa da yakuwa layukan.

Wani abu kaɗan da za ka lura da shi: farin zobe a gefen jiƙon, kamar an barbaɗa kanwa. Gishirin ruwa da na taki ne yake taruwa a inda laimar ta tsaya. Kada ka dasa sabuwar shuka a kan zoben. Damina tana wanke shi.

To, in an tambaye ni, a saya? Wanda yake da fili kamar nawa, da rijiya ko wata hanyar cika tanki, kuma abin da yake so attarugu ne da tattasai da kuɓewa da 'yan bishiyoyi, na ce ya saya, ba zai yi nadama ba. Man da nake ƙonawa ya ragu da kusan rabi, bayana ya samu sauƙi, kuma shekara biyu ke nan ban sallama ko kunya ɗaya don bazara ba. Wanda yake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa ya yi lissafi tukuna, don lita 500 jarka ashirin ce a kullum. Wanda kuma ganye kawai yake so, buta ta ishe shi. In za ka saya, tun a ranar ka haɗa da mahaɗai goma da filta ta biyu, ka nemi tiyo mai kauri ko da ya fi tsada, kuma ka sa wanda zai haɗa maka ya kwance filtar a gabanka ya mayar, sannan kai ma ka yi a gabansa. Shagon da na saya na ba su yabo a kan haɗawa, ban ba su a kan shawara da kayan gyara ba.

Daga layi goma na farko, shida ne suka kai yau. Da ruwan farko ya sauka na kwance su duka, na wanke, na naɗe kowanne a jikin sanda na rataye a rumfa inda ɓera ba zai kai ba, don fartanyar noman damina ba ta san tiyo ba. Tankin na bar shi a wurinsa, na sa masa mazurari daga indararon ɗakin girki. Inna ta riga ta ce a Oktoba a bar mata layin da ke kusa da tabarmarta, albasa mai lawashi take so a sa.